Surukai Biyu a Gaban Raga

Har yau ban manta da yammacin da ƙwallo ta faɗi tsakanin gwanayen 'yan wasana biyu ba, kowannensu a tsaye, hannu a shirye, babu wanda ya taɓa ta. A Agiye ne, wasan sada zumunci, jama'a sun kewaye fili. Ba ƙwallo ce mai ƙarfi ba. Irin wadda ake lallaɓowa ta saman raga ce, wadda ɗan ajin farko na kolej zai ɗauka yana hamma. Ta sauka tsakanin ƙafafunsu, ta yi tsalle, ta gangara waje. Wani mai sayar da rake ya ɗaga murya ya ce, “Ku yi mata sannu da zuwa mana, baƙuwa ce!” Filin ya ɗauki dariya. Ni kuwa na cire hulata na murƙushe ta a hannu.

Ina ba da wannan labari ne saboda ku matasan malaman wasanni da ake turowa gundumominmu da sabon ilimi a kai. A lokacin ni malamin motsa jiki ne a wani kolej a Gazawa, da yamma kuma ina horar da ƙungiyar ƙwallon raga ta manya, aikin sa kai. 'Yan wasan ba 'yan lakol ba ne, wato ɗaliban makaranta. Manoma ne da masu sana'a, wasu na tahowa daga ƙauyuka kan babur bayan la'asar. Duk da haka Mushe suke kirana, kamar yadda ake kiran malamin lakol a wajenmu.

Ga wanda bai san wasan ba, mutum shida ne a kowane gefen raga, kuma taɓawa uku aka yarda kowane gefe ya yi. Na farko ya tare ƙwallo, na biyu ya ɗaga ta kusa da raga, na uku ya yi tsalle ya doka ta ƙasan abokan hamayya. Mai ɗagawa shi ne ƙwaƙwalwar ƙungiya, mai duka shi ne hannunta. Tsakanin su biyun dole a yi magana, kuma da ƙarfi, domin ƙwallo ba ta jiran a yi shawara. Wanda zai ɗauka ya ce “Tawa!” Wanda ke son a ɗaga masa ya kira. In an ɗaga masa ba daidai ba, ya faɗa nan take domin a gyara ta gaba.

Mai ɗagawarmu Idi ne, mutumin Gangara, manomin aya kuma dillalinta, gajere mai kauri, ya ɗan haura talatin. Yatsunsa sun san ƙwallo kamar yadda suka san mudu. Mai dukanmu kuwa Sani ne, mai walda a bakin tasha, dogo siriri, shi ya haɗa mana ƙarafan da muke ɗaura raga. Shekaru suna wasa tare, kuma duk garin an san bakinsu. Sani ba ya kiran Idi da sunansa, Guntu yake ce masa. “Guntu, ɗaga! Guntu, wagga ɗagawa ce ko sadaka?” Idi ya mayar masa, “Kai dai yi tsalle, sandar rake.” Daga bayan katangar kolej ana jin su. Ban taɓa tsawata musu ba, domin wannan zage-zagen shi ne maganar da littattafan horo ke roƙon 'yan wasa su yi.

Da babban hutu aka tura ni Yamai horon ƙarin sani na masu horarwa, daga nan aka riƙe ni wani aiki har bayan kaka. Ina can na ji Sani ya yi aure, na yi masa murna ta waya. An ce mini amarya Hadiza ce, 'yar Gangara, malamar ɗinki. Ban tambayi gidansu ba. Kaina cike yake da sababbin dabaru, kuma babbar dabarar da aka nanata mana ita ce magana a fili. Malaminmu na can ya ce ƙungiyar da ba ta magana ta riga ta faɗi tun kafin a busa usur.

Ranar da na dawo horo, abu na farko da na gani shi ne Sani cikin dogon wando.

“Ina gajeren wandonka?”

“Shina gida, Mushe.”

“Ya yage ne?”

“Lafiya tai lau.”

Na bar maganar, na jefa ƙwallo. Idi ya ɗaga, Sani ya doka, amma shiru kamar a makabarta. Idi ya sake ɗagawa, ƙwallon ta yi kusa da raga fiye da kima, irin wadda a da Sani zai yi wa waƙa. Ya bi ta haka nan, ya doka ta cikin raga, ya koma baya kansa a sunkuye. Da na tara su domin bayani, kowa ya matso kafaɗa da kafaɗa, sai Sani ya tsaya can gefe, hannuwa a baya, kamar wanda ya zo gaisuwar rasuwa.

Lawali, mai tsaron bayanmu, wanda bakinsa ba ya hutawa, shi ya warware mini. “Mushe, ba ka da labari? Hadiza ƙanwar Idi ce, ciki ɗaya. Guntu ya zama Yaya.”

Ni ɗan ƙasar nan ne, ba sai an koya mini kunyar suruki ba. Na san miji ba ya kiran sunan yayan matarsa, ba ya ɗaga masa murya, ba ya ci ko sha a gabansa. Ni ma haka nake yi a gidan surukaina. Amma a raina wannan abin zaure ne da tabarma. Ban taɓa zaton zai tsallako farin layin fili ba. Na ja Sani gefe.

“Sani, nan fili ne. A nan babu suruki, akwai mai ɗagawa da mai duka.”

“Haka ne, Mushe.”

“To ka kira shi.”

“To, Mushe.”

Muka koma. Ƙwallo ta tashi, bakinsa ya motsa, ba abin da ya fito. Wannan “To, Mushe” na sha ta har ta ishe ni. Bai taɓa yi mini musu ba, bai kuma taɓa yin abin da na ce ba.

Da a wata shekara ce, da na bar lokaci ya yi aikinsa. Amma cikin makonnin nan inspektan wasanni na gunduma ya kira ni buro, wato ofishinsa, ya ce da bazara za mu kara da Gidan Rumji a can gidansu, kuma mai zaɓen 'yan wasan jiha zai zo daga Maraɗi ya kalla. Wanda ya zaɓa zai shiga ƙungiyar jiha zuwa gasar ƙasa. Tun kafin tafiyata Yamai na riga na ba da sunan Sani. Abin da yake nema ke nan tun yana ɗan lakol. Zaɓen baya ya wuce shi yana ci-rani, shekarunsa kuma sun fara ja. In wannan ta kuɓuce masa, babu wata. Kallo ɗaya za a yi masa, kuma a wannan kallon dole ya yi wasa da mutumin da ba ya iya duban idonsa.

Na fara da dabarar Yamai. Duk ƙwallon da aka taɓa ba tare da kira ba, ƙungiya gaba ɗaya za ta zagaya fili da gudu. An ce mana matsin abokai ya fi tsawar mai horarwa. Sani ya yi shiru, muka zagaya. Ya sake yin shiru, muka sake zagayawa. Shi ke gaba a gudun, fuska a sake, domin gudu ya fi masa sauƙi da kiran Idi. Lawali na baya yana haki yana cewa, “Mushe, mu mi muka yi? Mu muka auri Hadiza?” Kafin mako ya fita, mutum biyu sun daina zuwa horo. Na soke dokar.

Sai na ce to a bar suna, a kira lamba. Idi lamba huɗu yake sawa.

“Ka ce ‘Huɗu!’ kawai. Huɗu ba surukinka ba ce.”

Ya dubi ƙasa. “Mushe, ai shi ke cikin rigar.”

Na raba su a jerin tsayuwa, na sa su gaba da gaba ta yadda ba za su taɓa tsayawa kafaɗa da kafaɗa ba in ana juyawa. Ya ɗan taimaka. Amma mai ɗagawa ba ya zama wuri ɗaya, ko'ina ƙwallo ta biyu ta tashi sai ya bi ta. Duk lokacin da Idi ya doso wajensa, Sani sai ya ja da baya ya ba shi hanya, ko da ƙwallon ta farko ce, wadda shi Sani ya kamata ya tare. Idi kuma, da ya san ba tasa ba ce, sai ya tsaya. Haka aka yi a Agiye, a gaban mai rake.

Abin da ya fi ƙona mini rai a Agiye ma ba wannan ƙwallon ba ce. Zafi ya riga ya shigo. Duk hutun da na nema, kowa ya rufar wa jarkar ruwa, sai Sani ya tsaya yana gyara igiyar takalmi. Ban lura ba sai a zagaye na huɗu, da ya yi tsalle ya sauko ya riƙe ƙwaurinsa, jijiya ta ɗaure. Tun da muka bar Gazawa bai sa komai a bakinsa ba. A mota ma ya ƙi zama ciki saboda kujerar da ta rage kusa da Idi take, ya hau baya cikin rana tare da raga da jarkoki. Ina murza masa ƙafa ina cewa, “Kana so ka mutu?” Ya ce a hankali, “Yaya shina kallo.” Sai da Lawali ya tsaya tsakaninsu ya buɗe tawul kamar labule sannan ya sha.

Na kai wa inspekta rahoto da baki. Ya saurara, ya ce, “Ka ajiye ɗaya a benci.” Na ce in na ajiye Idi babu mai ɗaga wa Sani ƙwallon da za a ga gwanintarsa, in kuma na ajiye Sani to me za mu je yi Gidan Rumji? Ya ce wannan aikin mai horarwa ne, ya miƙa mini hannu.

Ranar kasuwar Gangara na hau babur na tafi wajen Idi. Na same shi a rumfarsa, buhunan aya jere, ana jiran mota. Bayan gaisuwa na shiga magana kai tsaye.

“Idi, ka gaya wa Sani ya daina jin kunyarka a fili.”

“Ni na hana shi magana, Mushe?”

“Ba ka hana shi ba. Amma in ka ce ya daina, zai daina.”

Ya yi dariya kaɗan. “In ce da mijin ƙanwata ya daina kunyata? Gobe ya kira ni Guntu gaban mutanen Gangara, a ce Hadiza ta auri marar kunya, kuma yayanta ya ba shi izini? Tsohuwarmu ba za ta ƙara cin tuwon gidana ba. Ni ma ina jin kewar zaginsa, wallahi. Amma wannan ba nawa ba ne da zan yafe.”

Na zauna kan buhu. Muna nan motar ta iso, 'yan dako ba su kusa. Sai ga Sani a kan babur, ya kawo wa wani ƙofar ƙarfe. Ya hango mu, ya sauka nesa, ya durƙusa ya gaida Idi, ido a ƙasa. Idi ya amsa gaisuwa. Ya dai nuna buhunan da yatsa, ya nuna motar. Kafin hannunsa ya sauka Sani ya saɓa buhu. Ban taɓa ganin ya yi sauri haka a filina ba. Idi ya ɗaga yatsu biyu ya karkata su hagu, Sani ya ɗauki na hagu ya bar na dama, ba tambaya, ba kuskure.

A nan na ga abin da nake yi ba daidai ba a tsarina. Watanni ina neman ƙarami ya ba babba umarni, abin da ba zai yiwu ba. Amma babba in ya ba ƙarami umarni, ko da yatsa ne, ba a taɓa jinkiri. Kuma wasanmu yana da wurin wannan. Masu ɗagawa a manyan ƙungiyoyi suna nuna wa masu duka irin harin da za a kai da yatsu, a ɓoye a jikin riga, kafin a buga ƙwallon farko. An koya mana a Yamai, na ajiye shi a matsayin abin da ya fi ƙarfin ƙungiyar ƙauye.

Na gaya wa Idi abin da nake so. Ya ce, “Wannan ina iyawa.”

Horo na gaba na tara su. Idi ya tsaya tsakiya, ya gyara murya kamar mai ɗaurin aure, bai dubi Sani ba, ya dubi raga.

“Malam Sani.”

“Na'am, Yaya.”

“Ga shaidu. Daga yau duk ƙwallon da ta faɗo tsakanina da kai, in ta farko ce, taka ce. In ta taɓa ƙasa, ni ka raina. Ka ji?”

“Na ji, Yaya.”

“In Mushe ya ce a sha ruwa, ni zan juya baya, kai ka sha. In na juyo na ga jarka ba ta ragu ba, ni ka raina. Dogon wandon nan kuma kada in ƙara ganinsa a fili.”

Lawali ya ce, “Allah shi ba mu yaya irin wanga.” Aka yi dariya, ban da Sani, wanda ya karɓi maganar kamar hukuncin alƙali.

Muka tsara alamu kaɗan. Dunƙulen hannu, ƙwallo mai tsawo a gefen hagu, a doka da ƙarfi. Yatsa ɗaya, gajeriya mai sauri a tsakiya. Yatsu biyu, ta baya. Gyaran ɗagawa kuwa, tun da Sani ba zai ce wa Idi ya yi kuskure ba, sai ya gaya wa Lawali, Lawali ya isar. Yakan raɗa masa, “Ka ce wa Yaya, in ba damuwa, ta ɗan yi kusa da raga.” Lawali kuma ya juya ya kwarma, “Idi, an ce ɗagawarka ta banza ce!” Ba haka aka rubuta a littafi ba, kuma kullum sai raina ya sosu in na ga saƙo yana zagaye tsakanin mutum biyu da ke tsaye taki kaɗan da juna. Amma ƙwallo ta daina faɗuwa. Sani na nutsewa ƙasa bayan ƙwallon da ko ɗan shekara ashirin zai bari, domin yanzu ba maki yake karewa ba, mutuncinsa yake karewa.

Muka tafi Gidan Rumji da sassafe, hanya mai nisa, sai an ratsa Agiye da Maraɗi. Na sa Idi gaba kusa da direba, Sani a kujerar ƙarshe da ƙullin ƙosai. Da la'asar fili ya cika. Mai zaɓen, wani tsohon ɗan wasa da ake kira Malam Isufu, ya zauna kan benci kusa da alƙalin wasa, ya harɗe ƙafa.

Sun ci zagayen farko, muka ci na biyu da na uku. Sani ya yi wasan da ban taɓa ganin ya yi ba. Idi ya nuna, shi ya tashi, ƙwallo ta fashe a ƙasansu. Babu kira, babu tafa hannu tsakaninsu bayan maki. 'Yan kallon Gidan Rumji suka lura. Wani ya yi ihu, “Dogon ga kurma na?” Wani ya amsa, “Kurma na, amma hannu nai na magana!” Lokacin hutu Idi yakan juya ya dubi gari kamar mai neman wani a cikin jama'a, Sani ya ɗaga jarka.

Suka ci na huɗu. A zagaye na biyar, wanda shi ne na raba gardama, muka tafi kai da kai har ya rage musu maki ɗaya su gama. Su ke da bugun farko. Na ga Idi ya dunƙule hannu a jikin rigarsa. Masu masaukinmu ba wawaye ba ne, tun zagaye na huɗu sun gane in abu ya yi tsanani hagu ake zuwa. Lawali ya tare ƙwallo, Idi ya ɗaga ta kyakkyawa, Sani ya tashi. Mutum uku suka tashi tare da shi, hannuwa shida kamar katanga. Bayan katangar nan kuwa fili ne fetal, babu kowa. Taɓawa ɗaya da yatsu ta saman kansu ta isa. Sanin da na sani kafin aure da ya lallaɓa ta, ya sauko yana yi wa Guntu gwalo. Wannan Sanin ya zage ƙarfinsa ya doka cikin katanga. Ƙwallon ta dawo ta faɗi a ƙafarsa. Aka busa usur.

Na same shi a bayan mota.

“Ka ga ramin da ke bayansu?”

“Na gani, Mushe.”

“To me ya hana ka?”

“Yaya ya ce duka.”

Ni na gina wannan tsari, kuma ga iyakarsa a gabana. Umarni ya hana ƙwallo faɗuwa, amma ɗan wasan da ba zai iya saɓa wa mai ɗagawa ba in idonsa ya nuna masa wani abu dabam, rabinsa ne kawai ke cikin fili.

Malam Isufu ya aiko a kira ni. Ban yi zaton alheri ba. Sai ya ce, “Ina son dogon. Ina kuma son gajeren. Na daɗe ban ga mutum biyu da suka fahimci juna haka ba. Ko magana ba su yi.”

Da na yi shiru da an ɗauke su duka. Amma na san yadda sansanin horo yake. Na ce, “Malam, surukai ne. Dogon ke auren ƙanwar gajeren.” Na gaya masa batun ruwa, da wando, da ƙwallon ƙarshe. Ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya natsu.

“A sansaninmu ɗaki ɗaya ake kwana, faranti ɗaya ake ci, har mako da makonni. Dogon nan yunwa za ta kashe shi. Ɗaya zan ɗauka ke nan.” Ya shafa gemu. “Masu duka ina da su. Mai ɗagawa mai irin wannan hannu shi ne ba ni da shi. In ɗaya ne, gajeren nake so.”

Wata da watanni ina fama domin Sani, ga shi da bakina na buɗe ƙofar da za a fitar da shi. Na ce a bari in yi magana da Idi, domin haƙƙinsa ne ya ji.

Idi na zaune a kan taya, yana jujjuya ƙwallo a hannu. Na gaya masa komai yadda yake. Ba a taɓa yi masa irin wannan tayi ba, kuma a shekarunsa ba za a sake ba. Na ga fuskarsa ta yi haske, ya dubi wajen da Malam Isufu ke zaune, ya daɗe yana duba. Sannan ya dubi bayan mota, inda ƙafafun Sani kawai ake hangowa.

“Mushe, ka gaya wa Malam Isufu na gode. Damina ta kusa, ba mai riƙe mini gonar aya.”

“Idi, ƙannenka uku ke noma gonar nan. Kowa ya sani.”

“Malam Isufu bai sani ba.” Ya miƙo mini ƙwallon. “Kuma kada ka gaya wa yaron nan. In ya ji, zai ƙi tafiya, sai na sake ba shi umarni gaban shaidu. Na gaji.”

Aka ɗauki Sani. Bayan ya shiga sansani Malam Isufu ya kira ni a waya, ya ce, “Wannan ne ka ce ba ya magana? Jiya sai da alƙalin wasa ya ja masa kunne saboda ihu. Ya raɗa wa mai ɗagawarmu suna, yaron har ya kawo ƙara.” Ya buga gasar ƙasa, ɗan gundumarmu na farko a iya sanina. Ban gaya masa abin da Idi ya yi ba, amma inda Lawali yake magana ba ta kwana. Da ya dawo bai yi wa Idi godiya da baki ba, ba zai iya ba. Ya ƙera sabuwar amalanke ta ƙarfe, ya yi mata fenti, ya sa Hadiza ta kai Gangara ta ce kyauta ce daga gare ta. Washegari ya zo horo ya tsaya can gefe, hannuwa a baya, yana jiran yatsan Yaya.

Abin da na koya shi ne farin layin da muke zanawa da toka ba ya tare komai. Ɗan wasa yana shigowa fili da duk wanda yake a gida, da wanda yake jin kunya da wanda yake iya zagi. Duk abin da aka koya mana a Yamai gaskiya ne, ƙungiya sai da magana. Amma wa ke iya yi wa wa magana, wannan ba a Yamai ake sanin sa ba. Ba za ka cire wa mutum tarbiyyarsa da usur ba. Iyakarka ka gano inda take ja, ka ɗaura wasanka a wajen, ka kuma san cewa wata rana za ta ci maka maki a lokacin da ka fi bukatarsa.

Shi ya sa a farkon kowace shekarar wasa, kafin in auna tsallen kowa, nakan zaunar da su in tambaya wa ya yi aure, kuma 'yar gidan wa. Bana da na tambaya, Lawali, wanda shi ne bakin Sani a fili, ya sunkuyar da kai ya yi shiru, karo na farko tun da na san shi. Ƙanwar Sani yake nema, har an kai goro.